Yadda Ake Saita Rumbunan apt da Fayilolin Saiti na Madadi a Inda Data Ke da Tsada

Yawancin bayanan da ake yi kan apt, wato manhajar da ke sauko da sauran manhajoji ta girka su a Ubuntu da Debian da Linux Mint, an rubuta su ne don mutumin da intanet ɗinsa ba ya yankewa, wutarsa ba ta ɗaukewa. Mu a nan ƙasar Ringim da Taura ba haka abin yake ba. Ɗakin kwamfuta na makaranta ko shagon buga takardu, laftof na hannu shida ko goma, duk suna shan data daga hotsifot ɗin waya ɗaya, sabis ya zo da hantsi ya ɓace bayan la'asar. In aka bar kowace na'ura ta sauko da LibreOffice da kanta, an sayi abu ɗaya sau goma ke nan.

Tsarin da nake bi, kuma nake koya wa yaran da ke taya ni aiki, shi ne a gyara saitin asali sau ɗaya a ƙyale shi. Duk wani yanayi na daban, ranar aiki da filash, ranar da za a shiga gari sauko da kaya, ranar da na'urori ke ɗaki ɗaya, a ba shi nasa ɗan fayil a gefe, a kira shi lokacin da ake bukata. Wanda ke goge saitin asali yana sake rubutawa duk sanda yanayi ya canza, shi ne ke wayar gari apt ya ƙi motsi, ba kuma wanda ya san abin da aka taɓa.

Kayan da za ka tanada

- Kwamfuta mai Ubuntu ko Debian, da kalmar sirrin da sudo, umarnin da ke ba ka izinin taɓa saitin na'ura, ke karɓa. Lubuntu da Xubuntu rumbunsu, wato ma'ajiyar da apt ke sauko da manhajoji daga ciki, ɗaya da Ubuntu.
- Filash mai lafiya, 8GB ya isa a farko.
- Data. In layinka na da garabasar dare, da ita za ka yi babban saukewa.
- Batir a cike, ko sola ko injin da ka amince da shi. Yankewar wuta lokacin saukewa ba matsala ba ce, yankewa lokacin girkawa ita ce matsala.
- Manhajar rubutu nano, wadda take zuwa da na'urar. Ctrl+O sannan Enter yana ajiyewa, Ctrl+X yana fita.

Gargaɗi tun kafin a fara: duk umarnin da aka turo maka ta WhatsApp, buga shi da hannunka. Waya takan mayar da alamar zance ta tsaye ta koma mai lanƙwasa, ta haɗe gajerun layuka biyu su zama dogo ɗaya, apt kuwa bai san waɗannan ba.

1. San na'urar da ke gabanka

Buɗe taminal, wato tagar da ake buga umarni a ciki, ka buga:

```
cat /etc/os-release
dpkg --print-architecture
date
```

A na farko nemi layin VERSION_CODENAME, shi ne sunan fitowar da ke kan na'urar. Ubuntu 22.04 sunanta jammy, 24.04 noble, Debian 12 bookworm, Debian 13 trixie. Mint tana da nata suna, amma a ƙasa za ka ga UBUNTU_CODENAME, shi ne na Ubuntun da aka gina ta a kai. Rubuta shi a takarda. Na biyu zai ce amd64 a yawancin na'urori, i386 a tsofaffi sosai.

Na uku shi ne wanda ake rainawa. Tsofaffin kwamfutoci sukan zo da ɗan batirin agogo na ciki a mace, sai kwanan wata ya koma shekarun baya duk sanda aka kashe su. Idan agogo na baya, apt zai ƙi karɓar jerin kaya ya ce "Release file is not valid yet". Gyara da `sudo date -s "2025-03-10 09:30"`, ka sa kwanan ranar da kake aikin. A kwamfutar tebur batirin CR2032 ne, masu gyaran agogo a kasuwa suna da shi.

2. Ajiye kwafin saitin asali

```
sudo cp -a /etc/apt /root/apt-asali
```

Shi ke nan. In komai ya dagule, daga nan za ka maido.

3. Duba rumbunan, ka rage abin da ba ka bukata

apt yana karanta adireshin rumbuna daga wuri biyu: fayil ɗin /etc/apt/sources.list, da duk fayilolin da ke cikin folda /etc/apt/sources.list.d masu ƙarewa da .list ko .sources. Salon rubutu ma biyu ne.

Tsohon salo layi ɗaya ne ga kowane rumbu. Ga na Debian 12:

```
deb http://deb.debian.org/debian bookworm main contrib non-free non-free-firmware
deb http://deb.debian.org/debian bookworm-updates main contrib non-free non-free-firmware
deb http://security.debian.org/debian-security bookworm-security main contrib non-free non-free-firmware
```

Bayan deb sai adireshi, sai sunan fitowa, sai sassan rumbun. Sashen non-free-firmware da Debian 12 aka fara shi a 2023, kuma a cikinsa ake samun abin da ke tayar da waifai na laftof da yawa. Kada ka cire shi.

Sabon salo shi Ubuntu 24.04 ke amfani da shi, a fayil ɗin /etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources. In ka buɗe sources.list a wannan fitowar ka tarar kusan ba komai, ba lalacewa ya yi ba, ƙaura aka yi.

```
Types: deb
URIs: http://ng.archive.ubuntu.com/ubuntu/
Suites: noble noble-updates noble-backports
Components: main restricted universe multiverse
Signed-By: /usr/share/keyrings/ubuntu-archive-keyring.gpg
```

A ƙasa akwai sakin layi na biyu irinsa, na noble-security, mai adireshin security.ubuntu.com. Layi marar rubutu shi ke raba rumbu da rumbu a wannan salo, don haka in ka bar fili a tsakiyar sakin layi ka raba shi gida biyu, kowanne gurgu.

Abin da za ka gyara kaɗan ne. A tsohon salo, sa alamar # a gaban duk layin da ya fara da deb-src, domin na masu haɗa manhaja daga tushe ne, kai data kawai yake ci maka. In ka ga layin da ya fara da deb cdrom, shi ma rufe shi da #, in ba haka ba apt zai yi ta neman ka sa faifan da ba ka da shi. A sabon salo, ana kashe rumbu da ƙara layin `Enabled: no` a cikin sakin layinsa. Tabbatar universe na nan, a can VLC da GIMP da manhajoji da dama suke. Ni nakan cire noble-backports, ban taɓa ganin ɗakin makaranta ya bukace shi ba. Na tsaro kuwa ba a taɓa shi. Idan adireshin da ya fara da ng. yana ba ka wahala, cire ng. ɗin ka bar archive.ubuntu.com.

Babban kuskure a nan shi ne cakuɗa fitowa. Mutum ya ga layi a intanet mai noble ya liƙa a na'ura mai jammy, ko ya sa rumbun Ubuntu a Debian, don yana son sabuwar manhaja. Wannan daidai yake da ɗaura wa Boxer kayan gyaran Jincheng: wani zai shiga, amma a hanya za ka gane. A Debian kuma rubuta sunan fitowar, kada ka rubuta stable. Waɗanda suka rubuta stable, da Debian 13 ta fito a watan Agustan 2025, sabuntawarsu ta gaba ta fara jan su zuwa trixie ba tare da sun shirya ba.

Idan apt update, umarnin da ke sauko da jerin kayan rumbuna, na ta ba ka 404 a kowane layi, duba ko fitowarka ta ƙare wa'adi. Fitowar Ubuntu ta LTS, wato mai dogon wa'adi irin 22.04 da 24.04, shekara 5 ake kula da ita, sauran na tsakani wata 9 kacal, daga nan a kwashe kayansu zuwa old-releases.ubuntu.com. Canza adireshin zuwa can zai ba ka damar girka abin da ke akwai, amma ba sabon gyaran tsaro. Ga aikin makaranta, tsaya a LTS.

4. Idan dole ne a ƙara rumbun waje

Kowane rumbun waje a ba shi nasa fayil a sources.list.d, da nasa makulli, wanda apt ke tabbatar da sa hannun rumbun da shi, a /etc/apt/keyrings. Sa adireshin makullin a madadin ADIRESHIN-MAKULLI:

```
sudo mkdir -p /etc/apt/keyrings
wget -O- ADIRESHIN-MAKULLI | sudo gpg --dearmor -o /etc/apt/keyrings/kamfani.gpg
```

Sai a layin Signed-By na fayil ɗin ka nuna wannan makullin. Da haka makullin kamfanin zai tabbatar da kayan rumbunsa kaɗai. Duk bayanin da ya ce ka yi apt-key add tsoho ne, an daina.

Kula da sunan fayil. A cikin sources.list.d da apt.conf.d, haruffan a zuwa z, lambobi, ɗigo, gajeren layi da layin ƙasa kaɗai apt ke karɓa. In ka sa wa fayil suna mai ƙ ko ɗ ko ɓ, ko ka bar fili a sunan, zai tsallake shi. Fayil ɗin da ya ƙare da .bak ko .save ko .disabled kuwa shiru zai wuce shi, wanda hanya ce mai sauƙi ta kashe rumbu ba tare da gogewa ba.

5. Saitin tsimi na dindindin

Wannan shi ne kaɗai fayil ɗin da za ka ƙara a apt.conf.d:

```
sudo nano /etc/apt/apt.conf.d/99tsimi
```

Rubuta a ciki:

```
Acquire::Retries "5";
Acquire::Languages "none";
Binary::apt::APT::Keep-Downloaded-Packages "true";
APT::Periodic::Update-Package-Lists "0";
APT::Periodic::Unattended-Upgrade "0";
```

Kowane layi da waƙafi mai ɗigo yake ƙarewa. Mantawa da guda ɗaya zai sa apt ya tsaya gaba ɗaya da ƙorafin "Syntax error", amma yakan faɗi sunan fayil ɗin, sai ka koma ka gyara.

Layin farko ya sa ya sake gwadawa sau 5 in sabis ya yanke. Na biyu ya hana sauko da fayilolin dogon bayanin manhajoji. Abin da za ka rasa shi ne apt show zai nuna gajeren bayani kawai. Na uku shi ne ginshiƙin duk aikin da ke tafe. Umarnin apt yakan goge fayilolin .deb, wato ƙunshin manhajojin da ya sauko da su, da zarar ya gama girkawa, sabanin apt-get da ke barin su. Da wannan layin za su zauna a /var/cache/apt/archives, inda za ka kwashe su. Na huɗu da na biyar sun hana na'ura sabunta kanta a ɓoye da zarar ta ga hotsifot.

Wannan na ƙarshen yana da nauyi a kanka. Tunda ka hana ta, kai ne za ka riƙa yin sabuntawar tsaro, ko da sau ɗaya a mako ne da datar dare. In ka san ba za ka yi ba, cire layukan biyu ka haƙura da datar.

Akwai saitin da ake yawan ba da shawara, APT::Install-Recommends "false". Ban yarda a sa shi a nan ba. Yana rage nauyin saukewa da gaske, amma yakan bar manhaja ba wasu sassanta, sai bayan wata biyu a rasa dalilin da ya sa firinta ko sikana ta ƙi aiki. In kana so, ƙara --no-install-recommends a umarnin da kake bugawa a lokacin, idonka na kan jerin.

A Ubuntu akwai wata ƙofar da data ke zurarewa wadda apt ba ya iko da ita, wato snap, wata hanyar girka manhaja ta daban. Firefox tun 22.04 ta snap yake zuwa, kuma yana sabunta kansa. `sudo snap refresh --hold` zai tsayar da shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi son Mint ko Debian a inda aiki da filash ya yi yawa, domin a can Firefox fayil ɗin .deb ne kamar kowa.

6. Yadda fayil na madadi ke aiki

Ga ɗan karatun da ba makawa sai an yi. apt yana karanta saiti a jere, kuma na ƙarshe shi ke rinjaye. Da farko fayil ɗin da APT_CONFIG ya nuna in akwai, sai fayilolin apt.conf.d bisa jerin sunayensu (shi ya sa namu ya fara da 99), sai /etc/apt/apt.conf, daga ƙarshe abin da ka ba shi a umarni da -c ko -o.

Da -o ana canza saiti guda na wannan karon kawai. Misali yara na cike fom a shago, ba ka so saukewarka ta danne su:

```
sudo apt -o Acquire::http::Dl-Limit=100 install vlc
```

Ya taƙaita gudun zuwa kilobait 100 a daƙiƙa. Da -c kuwa ana ba shi fayil sukutum, ya ɗora shi a kan saitin asali na wannan karon. APT_CONFIG da farko ake karanta shi, don haka fayilolin apt.conf.d suna iya danne abin da ka rubuta a ciki. Mai koyo ya riƙe -c.

Yi musu folda tasu:

```
sudo mkdir /etc/apt/madadi
```

Kada ka kuskura ka ajiye su a apt.conf.d, domin duk abin da ke can kullum ake karanta shi, ya tashi daga madadi ke nan.

7. Rumbu a filash, don na'urar da ba ta da intanet

Zaɓi na'ura ɗaya ta zama uwa, ita ke saukewa. Dole fitowarta da ginin ta su zo ɗaya da sauran: noble da noble, amd64 da amd64. A kanta girka dpkg-dev, sannan ka girka duk manhajojin da kake so. Daga nan:

```
sudo mkdir -p /srv/rumbu
sudo cp /var/cache/apt/archives/*.deb /srv/rumbu/
cd /srv/rumbu
sudo dpkg-name -o *.deb
sudo sh -c 'dpkg-scanpackages -m . /dev/null > Packages'
```

Umarnin dpkg-name yana gyara sunayen da ke ɗauke da %3a, waɗanda sukan sa a ce ba a ga fayil ba alhali yana nan. Na ƙarshen yana rubuta jerin kayan, fayil mai suna Packages. Duk sanda ka ƙara sabon .deb sai ka sake buga shi, in ba haka ba apt ba zai san da baƙon ba. Idan babu dpkg-dev, `sudo sh -c 'apt-ftparchive packages . > Packages'` yana yin aikin jerin, yana cikin apt-utils.

Kwafi foldar rumbu zuwa filash, ka kai ta ɗaya na'urar, ka sauke ta a /srv/rumbu. Ana iya nuna wa apt filash ɗin kai tsaye, amma ban cika yi ba. apt yana karanta kaya ne da wani ƙaramin asusu mai suna _apt, shi kuwa sau da yawa ba shi da izinin shiga /media inda filash ke buɗewa. Ga kuma tsofaffin ramukan USB da ke saki in an taɓa tebur.

Yanzu fayiloli biyu. Na farko /etc/apt/madadi/filash.list, layi ɗaya:

```
deb [trusted=yes] file:/srv/rumbu ./
```

Na biyu /etc/apt/madadi/filash.conf:

```
Dir::Etc::SourceList "/etc/apt/madadi/filash.list";
Dir::Etc::SourceParts "/dev/null";
Dir::State::Lists "/var/lib/apt/lists-filash/";
```

Layin farko ya ce ga jerin rumbunan da za a bi, na biyu ya ce a manta da sources.list.d. Na uku shi mutane ke bari, shi ne kuma mai tsada. Duk sanda aka yi apt update, yana share jerin kayan duk rumbun da ba ya cikin saitin da yake gani a lokacin. Ba tare da layi na uku ba, update ɗaya da filash zai goge jerin Ubuntu da ka sauko da kuɗinka. Ƙirƙiri foldar, ka yi aiki:

```
sudo mkdir -p /var/lib/apt/lists-filash/partial
sudo apt -c /etc/apt/madadi/filash.conf update
sudo apt -c /etc/apt/madadi/filash.conf install vlc
```

Za ka ga wasu layuka sun fara da Ign, ba laifi, rumbun gida ba shi da fayil ɗin Release. Lura cewa -c ɗin yana cikin umarni biyun. In ka sa a update ka manta a install, apt zai koma neman intanet. Don rage bugu, ƙara wannan a ƙarshen ~/.bashrc ka sake buɗe taminal:

```
alias aptf='sudo apt -c /etc/apt/madadi/filash.conf'
```

Daga nan `aptf update` da `aptf install` sun wadatar. Manhajojin sabuntawa masu taga da maɓalli ba su san da wannan fayil ba, ta taminal kawai yake aiki.

Game da trusted=yes, ma'anarsa ka ce wa apt kada ya binciki sa hannu. Ya halatta a nan ne domin uwa ta riga ta bincika lokacin da ta sauko da su. Kada ka zuba .deb ɗin da wani ya turo maka a wannan folda, kada kuma ka sa trusted=yes a rumbun intanet don kawai ka kashe ƙorafin NO_PUBKEY. Maganin wancan shi ne samo makullin.

In manhaja ɗaya ce kawai kuma kana sauri, zuba fayilolinta a folda ka shiga ciki ka buga `sudo apt install ./*.deb`. Ba sai an yi rumbu ba.

8. Fayil ɗin aike

Ga inda mataki na 7 ke yin tuntuɓe. Uwa abin da ita ta rasa kaɗai take saukewa. In tana da wani ɓangare tun da can, ba za ta sake sauko da shi ba, sai ka isa ƙauye da filash a ce maka akwai abin da ya rage. In duk na'urorin daga filash ɗin girki ɗaya aka yi su, kuma ka sa 99tsimi a uwa tun ranar farko, da wuya ka gamu da haka. In kuwa kowace da tarihinta, ga hanya.

Kowace na'ura tana da fayil mai jerin duk abin da ke kanta, /var/lib/dpkg/status. Kwafo na na'urar da ke ƙauye a filash. In ka shiga Dutse ko Kano, ko ka samu inda sabis ke da ƙarfi, a kan uwa:

```
sudo mkdir -p /srv/aike/deb/partial
sudo cp /media/SUNANKA/FILASH/status /srv/aike/status
```

Sai /etc/apt/madadi/aike.conf:

```
Dir::State::status "/srv/aike/status";
Dir::Cache::archives "/srv/aike/deb/";
APT::Get::Download-Only "true";
```

Sannan:

```
sudo apt-get update
sudo apt-get -c /etc/apt/madadi/aike.conf install gimp
```

Yanzu apt yana lissafi ne da jerin wancan na'urar, ya sauko da daidai abin da ita ta rasa ya tara a /srv/aike/deb. In ka sa dist-upgrade a madadin install gimp, zai kwaso mata duk sabuntawarta. Layi na uku kada ya ɓace, shi ne ke hana apt ya fara girkawa a kan uwa bisa lissafin wata. Abin da ya taru sai ka zuba a rumbu ka bi mataki na 7. Kuma kafin kowace tafiya kwafo sabon status, na watan jiya ya tsufa.

Idan ba ka da uwa da za ka ɗauka, amma na'urar ƙauyen ta samu ta yi apt update ko da sau ɗaya da ɗan sabis, buga wannan a kanta:

```
apt-get --print-uris -y install gimp | grep "^'" | cut -d"'" -f2 > jeri.txt
```

Zai ba ka adireshin kowane fayil. Kai jeri.txt kowace kwamfuta mai intanet, `wget -c -i jeri.txt` zai kwaso su. Kada tafiyar ta daɗe, domin in an sabunta manhaja a rumbu tsohon adireshin yakan mutu.

9. Idan na'urorin suna ɗaki ɗaya

In duk suna kan rauta ɗaya ko hotsifot ɗaya, filash ma ba dole ba ne. Girka apt-cacher-ng a uwa. Yana sauraro a ƙofa ta 3142, duk abin da wata na'ura ta nema ta hannunsa sai ya ajiye kwafi, ta biyu in ta nema ya ba ta daga ajiya. Duba adireshin uwa da `hostname -I`, sannan a kowace na'ura rubuta /etc/apt/madadi/daki.conf:

```
Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142";
Acquire::https::Proxy "DIRECT";
```

Sa adireshin da ka gani a madadin nawa. Layi na biyu ya bar rumbunan https su wuce kai tsaye, tunda ba ya iya ajiye kayansu ba tare da ƙarin saiti ba. Ita ma uwa ta bi ta kansa, da adireshin 127.0.0.1, don abin da ta sauko ya amfani sauran.

Bayanai da yawa za su ce ka ajiye wannan a apt.conf.d. A kwamfutar tebur da ba ta motsi, to. Amma laftof ɗin da Malam zai tafi da ita gida ranar Juma'a, in saitin na dindindin ne, apt zai yi ta neman uwar da ke kulle a makaranta. Da -c, a ɗaki ka kira shi, a gida ka ƙyale shi. Hotsifot kuma yakan canza wa na'ura adireshi, don haka in aiki ya tsaya fara duba `hostname -I`. Wasu wayoyin ma ba sa barin na'urorin da ke kansu su ga juna. In ka gamu da irinsu sai rauta ko kebul. A fara da na'ura ɗaya ta gama, sannan a saki sauran.

10. Gwaji, da abin yi in ya ƙi

Don ganin abin da apt ya fahimta daga fayil ɗinka kafin ka kashe data:

```
apt-config -c /etc/apt/madadi/filash.conf dump | grep -i "Dir::Etc::source"
apt-cache -c /etc/apt/madadi/filash.conf policy vlc
```

Na biyun zai nuna daga wane rumbu za a ɗauko. In ka ga file:/srv/rumbu, ka dace. Ƙara -s a umarnin install yana kwaikwayon girkawa ba tare da an taɓa komai ba.

Idan sabis ya yanke ana tsakar saukewa, sake buga umarnin kawai. Guntayen suna nan a foldar partial, daga inda ya tsaya zai ci gaba. Kada ka yi apt clean, zai share su har da duk .deb ɗin da kake tarawa.

"Hash Sum mismatch" yawanci jerin kaya ne ya sauko a gurɓace. `sudo rm -rf /var/lib/apt/lists/*` sannan update. Karanta wannan umarni sau biyu kafin Enter, fili ɗaya a inda bai kamata ba zai goge abin da ba ka nufa ba.

"Could not get lock" na nufin wani apt yana aiki a bayan fage. Jira shi. Goge fayil ɗin kulle da ƙarfi, kamar yadda wasu ke koyarwa, shi ke lalata rajistar manhajoji.

"Configured multiple times" rumbu ɗaya ne aka rubuta a wuri biyu, galibi a sources.list da kuma wani .sources. Saƙon yakan faɗi fayilolin biyu, rufe ɗaya.

In wuta ta ɗauke ana tsakar girkawa, bayan ka kunna buga waɗannan a jere, ka haɗa da -c ɗin da kake amfani da shi a na biyun idan da filash kake aiki:

```
sudo dpkg --configure -a
sudo apt --fix-broken install
```

In kuwa saitin ne ya rikice har ka rasa kansa, maido da kwafin mataki na 2:

```
sudo mv /etc/apt /root/apt-rikici
sudo cp -a /root/apt-asali /etc/apt
sudo apt update
```

Foldar madadi da 99tsimi suna nan a cikin /root/apt-rikici. Kwafo su ɗaya bayan ɗaya, kana yin apt update bayan kowanne, har ka kama wanda ya kawo rikicin.